Wa Za a Ba Sikeli? Tarihin Gwajin Amana wajen Ɗaukar Ma'aikata, daga Tuboro zuwa Kwamfuta

Gabatarwa

Idan hunturu ya kama a yankin Tuboro, can kudu maso gabashin jihar Arewa ta Kamaru, kusa da inda iyakar ƙasar ta haɗu da ta Cadi da ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, babu abin da ke tara mutanen ƙauye kamar kasuwar auduga. Manomi zai kawo abin da ya wahala a kansa tun shukar farkon damina, a ɗaure a ɗora a sikeli, wani ya karanta nauyi, wani ya rubuta a littafi, sannan a cire bashin taki da maganin ƙwari da ya ɗauka a sito. Mai karanta sikelin da mai riƙe da alƙalami galibi matasan ƙauyen ne da suka ɗan taɓa makaranta. Shi kuwa manomin, sau da yawa ba ya iya karanta abin da aka rubuta a gaban sunansa. Kilo biyu a nan, kilo uku a can, kafin kasuwa ta tashi an yagi gumin shekara ba wanda ya ji motsi. Don haka tambayar wa za a ba sikeli ba ƙaramar tambaya ba ce a wurin waɗannan mutane.

Ita ce dai tambayar da kamfanonin Amurka da Turai suke ƙoƙarin amsawa da kwamfuta a yau. Abin da suke kira gwajin amana jerin tambayoyi ne da ake ba mai neman aiki ya amsa, a takarda ko a allon na'ura, domin a hango ko zai yi sata ko ha'inci ko wasa da aiki, tun kafin a danƙa masa makulli. Ɗalibin da ya ci karo da batun zai iya ɗauka cewa zamani ne ya zo da shi. Na'urar ce kawai sabuwa, damuwar kam tsohuwa ce. Wannan maƙala za ta bi sawun hanyoyin da aka bi wajen auna amanar ma'aikaci a ƙasar Binuwai, ta leƙa Amurka inda aka haifi gwajin na'ura, sannan ta dawo gida da abin da ta gano.

Lamuni kafin takarda

Tuboro tana cikin ƙasar Lamiɗon Rai Buba, masarautar da Buba Njidda ya kafa a farkon ƙarni na 19, zamanin da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajen 1809 ya shimfiɗa mulkin Fombina. Tare da tutar ne littattafan fiƙihun Malikiyya suka samu gindin zama a gaban alƙalan Adamawa, irin su Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfar Ibn Asim. A cikinsu akwai babin da ya kamata mai nazarin wannan batu ya fara da shi, wato tazkiyya. Alƙali ba ya karɓar shaidar mutumin da bai sani ba sai an wanke shi. Masu wankewar kuma ba kowa da kowa ba ne. Sai adilai masu lura, waɗanda kyan fuska da daɗin baki ba sa ruɗinsu, waɗanda suka daɗe suna cuɗanya da mutumin, an kuma fi son su kasance 'yan kasuwarsu ɗaya ko unguwarsu ɗaya. Malamai sun kasa ta gida biyu: ta sarari, wadda ake yi a gaban kowa, da ta asiri, inda alƙali ke tura amintaccensa ya bincika a ɓoye. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ƙi karɓar yabon da wani ya yi wa wani, bayan ya tambayi mai yabon ko sun taɓa maƙwabtaka, ko tafiya tare, ko hulɗar kuɗi, aka samu babu ko ɗaya.

A kasuwa ma wannan ma'auni aka riƙe. Fataken Hausawa da suka kwararo Garwa da Ngaundare da Tibati da Banyo a ƙarni na 19, neman hauren giwa da goro, da bayi ma (tarihi bai ɓoye wannan ba), ba su da banki, ba su da takardar yarjejeniya. Abin da suke da shi shi ne maigida ko fatoma, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayar da kayansa bashi. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana yadda irin wannan tsari yake aiki a Sabon Ibadan cikin littafinsa na 1969 a kan cinikin shanu da goro. Yaron gida ba ya fara da jakar kuɗi. Aike ake fara ba shi, sai ƙaramin ciniki, sai tafiya da kaya, shekara da shekaru ana kallon hannunsa, har ranar da maigida zai yi masa aure ya ba shi jari. Wanda ya ci amana kuwa, labarinsa kan riga shi isa zango na gaba. Kasuwar Mbaibum da ke kudu da Tuboro, wadda ta bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1980 a ƙarƙashin inuwar Lamiɗo da dogaransa har 'yan Bangi suka riƙa zuwa sayayya, a kan irin wannan sanayya yaran shagunanta suke samun makulli.

Kada mai karatu ya ɗauka tsarin ba shi da aibi. Wanda ba shi da kowa, ba shi da mai tsaya masa, ko da ya fi kowa gaskiya. Ɗan gida kuma akan rufa masa asiri sau biyu sau uku kafin a yarda ɓarawo ne.

Akwai wata hanya ta daban da ake komawa gare ta idan abu ya riga ya ɓata, wato rantsuwa da Alƙur'ani a wurin Musulmi, da shan gwaska a sassa da dama na Afirka ta Yamma, inda ake jiƙa ɓawon itacen mai dafi a ba wanda ake zargi, in ya amayar ya kuɓuta. Malamai sun yi tir da gwaska, Turawan mulki ma sun hana. Na kawo ta ne saboda abu guda: ƙarfinta yana cikin tsoron da mai laifi ke ji kafin ƙoƙon ya kai bakinsa. A riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi a Shikago.

Zamanin takarda

Jamusawa sun ci Garwa a 1901, sojojin Ingila da Faransa suka karɓe ta daga hannunsu a watan Yunin 1915, daga bisani yankin ya zauna a hannun Faransa. Baturen mulki baƙo ne. Bai yi maƙwabtaka da kowa ba, bai yi fatauci da kowa ba, ga shi yana buƙatar tafinta da akawu da mai sito. Sai ya maye gurbin sanayya da takarda: shaidar makaranta, da wasiƙar wani Bature, da jarrabawar gasa. Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa a 1924, ta wannan ƙofa ya shiga. Ya yi babbar firamare a Yawunde, ya kama aiki a gidan waya a matsayin mai sarrafa wayar iska, kafin ya zama shugaban ƙasar na farko a 1960.

Kamaru mai 'yanci ta gaji tsarin ta ƙara masa ƙarfi. Har yau mai neman aikin gwamnati ta hanyar jarrabawar gasa yana haɗa takardar haihuwa, da kwafin takardun makaranta da hukuma ta buga wa hatimi, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure shi ba, wadda ba ta wuce wata uku da fitarwa ba. A aikin ɗan sanda da makamantansa akan ƙara da binciken hali, inda jami'i ke zuwa unguwa ya tambayi mutane. Wannan na ƙarshe tazkiyyar asiri ce sanye da kaki. Takardar kotu kuwa, abin da take shaidawa shi ne ba a taɓa kama mutum ba, kuma tsakanin wannan da amana akwai tafiya.

Abin da auduga ta koyar

Kamfanin Faransa mai suna CFDT, wanda aka kafa a 1949, shi ya yaɗa noman auduga na sayarwa a arewacin Kamaru daga farkon shekarun 1950. A 1974 SODECOTON ta gaje shi, hedikwatarta a Garwa, gwamnati na riƙe da kaso mafi tsoka. Daga ƙarshen shekarun 1970 aka ɗora wa kamfanin shirin raya kudu maso gabashin Binuwai. Aka fasa hanyoyi, aka buɗe gonaki, manoma suka yi ta ƙaura daga jihar Arewa Mai Nisa, inda ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan, suka zo suka zauna kusa da Mbum da Laka da suka tarar. Tuboro ta samu injin gurzar auduga nata.

A nan ne batunmu ya yi armashi. Ƙauyukan da suka tashi a wannan zamani na baƙi ne, yare daban, addini daban, ba wanda ya san kakan wani. Tsohon lamuni ba shi da wurin tsayawa. Ga kuma kamfani yana zuba taki da maganin ƙwari na miliyoyin sefa bashi a kowace damina, yana jiran a biya shi da auduga. A farkon lamari ma'aikatan kamfani ne ke zagayawa da sikeli suna saye, kuma ƙorafin tauye awo ya zama ruwan dare a ƙasashen auduga na Afirka. A Mali irin wannan ƙorafi ne ya haifar da ƙungiyoyin ƙauye masu awo da kansu a 1974. A Kamaru ma, cikin shekarun 1980 SODECOTON ta fara miƙa awo da rabon kayan noma ga ƙungiyoyin manoma. Dokar 14 ga Agustan 1992 ta ba irin waɗannan ƙungiyoyi matsayi a gaban shari'a, a 2010 kuma suka haɗu ƙarƙashin tarayyar manoman auduga ta ƙasa.

Dabaru biyu ne suka riƙe tsarin. Ta farko ita ce da'irar lamuni, wadda ta kafu a shekarun 1990. Manoma kaɗan ne za su zaɓi junansu, su amince cewa idan ɗaya ya kasa biyan bashinsa, za a cire daga kuɗin audugar sauran. Kamfani bai tambayi kowa ko shi mai gaskiya ne ba. Ya bar wa maƙwabta su yi tazkiyya, ya kuma sa aljihunsu ya zama jinginar shaidarsu. Wanda zai biya bashinka ba ya yabonka don kunya.

Ta biyu ita ce awo sau biyu. Ana auna auduga a ƙauye a idon masu ita, a loda a mota, a sake auna ta a babban sikelin masana'anta. Idan littafin ƙauye ya fi abin da ya isa masana'anta nauyi, giɓin yana kan ƙungiya. Idan rara aka samu, asusun ƙungiya take shiga. Ma'auni da ya ƙara wa abokinsa kilo, lissafi zai tona shi. Wanda ya tauye wa mutane kuma, ba aljihunsa rarar za ta faɗa kai tsaye ba. Bahaushe ya ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsarin bai ɓata lokaci wajen karanta zuciyar ɓera ba, rufe daddawar ya yi.

Bai hana komai da komai ba. Manomin kirki yakan ƙare da biyan bashin malalaci, har wasu su yi fushi su bar noman. Ana karkatar da taki a sayar a kasuwa ko a zuba wa masara. A kakar 2010 zuwa 2011, da farashi ya yi tashin gwauron zabo a duniya, auduga mai yawa ta tsallaka Nijeriya aka bar ƙungiyoyi da bashi. Talaka da sabon baƙo kuma su ne na ƙarshe da ake yarda a shiga da'ira da su, tsohon aibin lamuni ya dawo ta bayan gida.

Inda aka haifi na'urar

A 1921 wani ɗan sanda mai ilimin aikin jiki, John Larson, ya haɗa na'ura a garin Berkeley na Kalifoniya, mai rubuta bugun jini da numfashi a lokaci guda yayin da ake yi wa mutum tambayoyi. Kotu ta ƙi karɓar irin wannan shaida tun a shari'ar Frye ta 1923, amma kasuwa ta karɓa. Leonarde Keeler ya gyara na'urar ya kai ta bankuna da kantunan Shikago a shekarun 1930, ma'aikata da yawa suka riƙa furta 'yan sace-sacensu da zarar an ɗaura musu igiyoyi. Gwaskar ke nan ta dawo da wutar lantarki. Na'urar ba ƙarya take gani ba, firgita take aunawa. Mai gaskiya matsoraci yakan faɗi, maƙaryaci mai sanyin jini ya wuce. Aldrich Ames, jami'in leƙen asirin Amurka da ya sayar wa Tarayyar Sobiyat sirri, ya tsallake gwajin a 1986 da 1991 kafin a kama shi a 1994.

A 1988 Majalisar Amurka ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu ɗaura wa mai neman aiki wannan na'ura. Sai kasuwa ta koma ga wani abu da yake jira a gefe, wato gwajin takarda. John Reid, wanda shi ma gwanin na'urar ne a Shikago, ya fitar da irinsa tun 1951. A 1990, ofishin Majalisa mai auna fasahohi ya ƙiyasta cewa kamfanoni 5,000 zuwa 6,000 suna amfani da irin wannan gwaji.

Ya kamata ɗalibi ya fahimci hikimar da aka gina shi a kai, domin a nan duk gardamar take. Gwajin iri biyu ne. Na farko yana tambaya ƙiri-ƙiri: a ganinka, ma'aikata nawa cikin goma ke ɗaukar kayan wurin aiki? Wanda ya shekara goma yana aiki ya ɗauki ɗan abu kaɗan, ya cancanci kora? Ka taɓa raya yadda za a yi sata ba a kama mutum ba? Masu gwajin sun gina shi a kan zaton cewa ɓarawo yana ganin kowa ɓarawo ne, yana kuma sassauta wa mai laifi. Na biyu ba ya ambatar sata sam. Yana auna ɗabi'u ne, kamar son kasada da saurin fushi da kiyaye ƙa'ida, ya ciro hukunci daga nan.

Masana ba su haɗu a kan amfaninsa ba. Tun 1928 Hartshorne da May suka gwada dubban 'yan makaranta, suka samu cewa yaron da ya yi maguɗi a aji ba lalle ne ya yi a filin wasa ko a gida ba, wato hali yana bin wuri da dama fiye da yadda masu cewa hali zanen dutse suke zato. A 1993 Ones da Viswesvaran da Schmidt suka tattara ɗaruruwan bincike, suka ce gwajin yana hango ingancin aiki gwargwado mai kyau, da alaƙar da ta kai 0.41. A 2012 Van Iddekinge da abokansa suka sake tacewa da sharuɗɗa masu tsauri, adadin ya faɗo ƙasa da 0.2, suka kuma lura cewa binciken da masu sayar da gwajin suka yi da kansu ya fi na 'yan ba-ruwanmu nuna nasara. Jihar Massachusetts dai ta haramta shi a wajen ɗaukar aiki.

Ga wani lissafi da kowa zai iya yi a allo. A ƙaddara mutum 1,000 sun nemi aiki, 50 daga cikinsu za su yi sata in an ɗauke su. A ƙaddara kuma gwajin yana dacewa sau 9 cikin 10, wanda kyautata zato ne ƙwarai. Zai kama 45 daga cikin ɓarayin. Amma zai kuma shafa wa kashi 10 cikin 100 na mutanen kirki 950 baƙin fenti, wato mutum 95. Cikin 140 da aka kora, kusan biyu bisa uku ba su da laifin komai. Kamfani bai yi asara ba, tunda masu nema sun yi masa yawa. Asarar tana kan mutum 95 da ba za a taɓa gaya musu dalili ba, kuma idan kamfanonin gari duka gwaji ɗaya suke saya, ƙofa ɗaya ce aka rufe musu a ko'ina.

Kwamfuta ba ta canza tambayoyin ba, ta dai sa sun yi araha da sauri. Daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Unicru ya girke na'urori a manyan kantunan Amurka, mai nema ya amsa a tsaye, manaja ya samu sakamako da launin kore ko rawaya ko ja. Ba a jima ba amsoshin da ake so suka bazu a intanet, gwajin gaskiya ya koma gwajin wanda ya iya haddar amsa. Daga baya aka zo da hira ta bidiyo wadda manhaja ke nazarin murya da motsin fuska. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu iya magana, amma HireVue, babban mai wannan sana'a, ya sanar a farkon 2021 cewa ya daina nazarin fuska bayan suka ta yi yawa. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 a kan ƙirƙirarriyar basira ta haramta wa na'ura karanta motsin zuciyar mutum a wurin aiki, ta kuma sanya manhajojin ɗaukar ma'aikata cikin rukunin masu babban haɗari. A Afirka, ta ƙofar bashi irin wannan gwaji ya fi shigowa: cibiyar EFL, wadda ta tsiro a Jami'ar Harvard a 2006, ta tsara tambayoyin hali da gaskiya a kwamfuta, Standard Bank ya yi amfani da su wajen ba ƙananan 'yan kasuwa rance.

Kwamfuta a Kamaru

A 1998 da 1999 ƙungiyar Transparency International ta ajiye Kamaru a ƙarshen jerinta na cin hanci. A 2006 aka kafa hukumar CONAC, aka kuma fara kamen manya da ake kira farmakin shirwa. Fasahar da gwamnati ta rungumo a wannan fage ba ta leƙa zuciya ba, takardu da sunaye ta bi. Tsarin SIGIPES na farkon shekarun 2000 ya nemi haɗa bayanan ma'aikata da na albashi. A 2011, da aka yi shelar ɗaukar matasa 25,000, takardun nema kusan 300,000 suka shigo, adadin da babu mai bincika shi da hannu. A 2018 ma'aikatar kuɗi ta ƙirga ma'aikata ido da ido a wuraren karɓar albashi, aka cire sunaye fiye da 10,000 daga littafin biya. Ma'aikatar tsaro kuma, da ta riƙa mayar da takardun kurata ga hukumomin da aka ce su suka bayar, ta gano na jabu fiye da 900 a 2022, da fiye da 1,300 a 2024.

A ganina wannan ya fi gwajin tambayoyi tsayawa a kan ƙafa. Takardar jabu aiki ne da mutum ya riga ya aikata, ana iya nuna masa, yana iya musantawa ya kawo hujja. Ɗan'uwan awo sau biyu ne. Sakamakon gwajin hali kuwa hasashe ne a kan laifin da ba a yi ba tukuna.

Yanzu a ɗauko wancan gwaji na Shikago a ɗora a wayar matashin Tuboro mai neman aikin sito ko na ma'aji. Da Faransanci ko Ingilishi zai same shi, alhali harshen kasuwarsa Fulatanci ne, na gidansu kuma wataƙila Mbum ko Tupuri ko Mafa. Tun a nan an fara auna makarantarsa maimakon amanarsa. Sai a tambaye shi mutum nawa cikin goma ke cin abin da ba nasu ba. Yaron da ya tashi yana ganin shingayen hanya daga Tuboro zuwa Ngaundare, idan ya faɗi abin da idonsa ya gani, manhaja za ta karanta amsar a matsayin alamar ɓarawo, wanda ya yi ƙarya ya ce babu ko ɗaya shi zai samu kore. A tambaye shi ko zai kai ƙarar abokin aiki, ko zai karɓi kyauta daga mai hulɗa da ofis, a ƙasar da ƙin karɓar goro cin fuska ne, rufin asiri kuma ɗabi'ar mutanen kirki. Idan hirar bidiyo ce, ɗan da aka tarbiyyantar da kunya da fulaku zai sunkuyar da kai a gaban babba, na'urar da ta koyi fuska a wata nahiya ta rubuta cewa yana ɓoye wani abu. Kafin duk wannan ma akwai tambayar wane ne ke riƙe da wayar, a yankin da yara masu yawa ke kaiwa ajin ƙarshe na firamare ba su da takardar haihuwa. Kamaru ta yi dokar kare bayanan mutum a watan Disambar 2024, amma matashin da manhaja ta ba ja yana buƙatar ya san an yi masa hukunci kafin ya san inda zai kai kuka.

Saura abu guda, wanda tarihin audugar ne ya ajiye mana shi. Gwajin amana, tun daga bankunan Shikago, ƙasa yake kallo: mai kanti, mai sito, mai gadi, mai karɓar kuɗi. Shari'ar kuɗi mafi girma da ta taɓa SODECOTON kuwa ba a sikelin ƙauye ta taso ba. Iya Mohammed, wanda ya shugabanci kamfanin tun 1984, ya kuma riƙe hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, an kama shi a watan Yunin 2013, kotun musamman mai shari'ar dukiyar gwamnati ta yanke masa shekara 15 a 2015 bisa almundahanar biliyoyin sefa. Magoya bayansa sun ce akwai siyasa a ciki, kamar yadda ake faɗa a kan shari'o'in farmakin shirwa da dama. Ko ma wane ɓangare mutum ya bi, babu wanda ya taɓa tunanin miƙa wa mai irin wannan kujera jerin tambayoyi a kwamfuta kafin a naɗa shi.

Tsarin mulkin 18 ga Janairun 1996 ya tanadi ma'aunin da ya dace da manya a sashe na 66: shugaban ƙasa da ministoci da 'yan majalisa da shugabannin kamfanonin gwamnati su bayyana dukiyarsu a farkon aiki da ƙarshensa, wato a auna su a ƙauye a sake auna su a masana'anta. An yi dokar aiwatar da sashen a ranar 25 ga Afrilun 2006. Shekaru sun shuɗe ba a naɗa 'yan hukumar da za ta karɓi bayanan ba.